Jirgin da Ba-zama Ta Ɗinke da Tukwane

Ba-zama ba sunan yanka ba ne, mutanen layi suka raɗa mata. Tun da ta tare a gidan nan mai kallon gangaren kogi, babu wanda zai iya rantsewa ya taɓa ganin ta miƙe ƙafa. Abinci ma a tsaye take ci, tana ci tana yi wa kaji faɗa. Gajeriya ce, ga faɗin kafaɗa, ga murya: in ta kira akuyarta daga tsakar gida, awakin layi uku ne ke amsawa.

Ubanta mai facin tukwane ne. Tun tana shekara bakwai take riƙe masa ƙarfe yana buga guduma, shi ya sa har yau in ta zo gidanka gaisuwa, ba fuskarka take fara dubawa ba, gindin tukunyarka take leƙawa. Da ta girma ta auri masunci, wanda kowa ke kira Mai-birgi, don in ya tsaya a bakin kwale-kwale ya wurga birgi, ragar takan buɗe kamar an zana ta a sama. Shi ya kamo, ita ta yi banda ta kai kasuwa. Shekara talatin da huɗu suna haka, suna faɗa kullum a kan girman kifi, ba su taɓa raba kwano ba.

Ranar da ciwo ya buge shi, yana gyaran raga ne a ƙarƙashin rumfa. Ya dawo daga asibiti ɓarin hagu ya shanye, hannu ya saki, ƙafa sai ja, baki ya karkace. In ya yi magana, kalma goma ke tasowa, biyu su fito. Kwale-kwalensa na katako siriri ne, sai mai ƙafa biyu ke iya tsayuwa a ciki, ƙaninsa ya zo ya tafi da shi. Tun daga ranar Mai-birgi ya sa aka juya masa kujera ta kalli bango, ya ba kogi baya. Abinci sai ya taɓa ya ture.

Babban ɗansu yana aiki a birni. Mai-takalmi ake ce masa, don ko jana'iza ya zo sai ya tsaya ya goge takalminsa da hankici. Yaron kirki ne, ba a raba shi da wannan. Ya zo ya ga uban ya zama rabin yadda yake, ya ja uwar gefe.

“Inna, ƙarshen wata zan zo da mota. Na gyara masa ɗaki, asibiti yana kusa, ga fanka, ga talabijin.”

“Ga talabijin,” in ji ta. “Kifi ake kamawa a ciki?”

“Inna, don Allah. Me yake yi a nan? Bango yake kallo.”

Mai-birgi ya yi wani gunaguni daga kujera. Ba-zama ce kaɗai ke gane maganarsa, kuma Allah ya sani ba kullum take fassara gaskiya ba.

“Ka ji, ya ce ba inda za shi.”

“Ni ruwa na ji ya ce.”

“To ai shi ne. Ruwa yake so. Kogi.”

Ɗan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce in har ya zo ya tarar da Baba a kan ruwa yana tuƙa kansa, to ya haƙura. Ya faɗi haka ne kamar yadda ake ce wa yaro in ka taɓo wata zan ba ka keke. Bai san ta rubuta a ƙirji ba. Ita ta riga ta san in mutumin nan ya shiga ɗaki mai fanka a hawa na biyu, ba da ƙafarsa zai sauko ba.

A bayan layi akwai wani mai kiwon shanu da ke shayar da dabbobinsa a cikin wani tsohon jirgin alminiyum. Wasu masu auna zurfin ruwa ne suka bar shi tun shekarun baya. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, ga faɗi, ko tsalle ka yi a ciki ba zai kife ba, kuma mace ɗaya za ta iya jan sa. Ba-zama ta daɗe tana wucewa tana harararsa. Ta sa aka tsaga duro biyu, ta kai wa mai shanu, ta ce ga kwamin shan ruwa huɗu da ba sa yoyo, ya ba ta guda ɗaya mai yoyo. Mutumin ya amince da sauri kafin ta dawo hayyacinta.

Aka jawo jirgi, ta ce a ajiye shi a tsakar gida, daidai gefen kujerar maigida. Kwana biyu tana kankare gansakuka da yawun shanu. Maƙwabta suka samu abin kallo kyauta.

“Inna Ba-zama, wannan bahon wanka ne ko akwatin gawa?”

“Na uwarka ne, in ta zo ta gwada.”

Sai ga Dogo, abokin kamun kifin Mai-birgi tun suna samari, ya zo da shawara. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai irin na manya.

“Matar abokina, wannan ba wani abu ba ne. Ya daɗe a rana ne, ya bushe. A nutsar da shi kwana uku ya sha ruwa ya kumbura, duk ramukan za su haɗe. Haka muke yi tun kakanni.”

Ranta bai kwanta ba, amma ta ce su ne mutanen ruwa, ita 'yar tukwane ce. Masunta huɗu suka ɗauke shi, suka loda masa duwatsu, suka nutsar a gefen gaɓa. Kullum da safe Dogo ya je ya shafa shi a ƙarƙashin ruwa ya dawo ya ce ya fara. Rana ta uku aka ciro, ruwa na tsiyaya ta ko'ina kamar rariya.

“Bai ƙoshi ba ne,” in ji Dogo. “A ƙara masa biyu.”

“Dogo, tukunyar gidanka shekara nawa tana shan ruwa? Ta taɓa kumbura?”

Dogo ya sosa ƙeya. Ita kuwa haushin kanta ta fi ji, don kwana uku sun tafi a banza. Mai walda na bakin titi ya ci nasa rabon: ya ce minti biyar ya gama, ya ɗora wutar da yake narka ƙarfen ƙofa da ita, nan take ramin da bai kai ƙwayar gero ba ya zama na shigar dunƙulen hannu. Ta kore shi da tsintsiya. Saura kwana goma sha shida.

Daga nan ta daina jin ta kowa, ta koma ga abin da ta gada. Ta ɗora jirgin a kan bulo shida, ta yi ta ɗebo ruwa da bokiti tana zubawa a ciki har ya kai idon sawu. Layi ya ɗauki shewa.

“Jama'a ku zo ku gani! Kowa jirgi yake sawa a ruwa, Ba-zama ruwa take sawa a jirgi!”

Ko a jikinta. Ta shimfiɗa buhu, ta shige ƙarƙashi ta kwanta rigingine da kwalbar jan-farce da jikarta ta manta. Duk inda ɗigo ya taru ya faɗo mata a fuska, ta goge ta ɗiga ja. Da ta fito, gindin jirgin ya yi kamar mai ƙyanda: wuri sittin da uku, ban da aikin mai walda.

A nan ta gano ainihin cutar. Wani gwani a baya ya toshe ramuka da kusoshin ƙarfe, kuma ko'ina ƙarfe ya zauna, alminiyum ɗin gefensa ya zama gari fari. Ubanta ya sha faɗa mata cewa waɗannan biyun ba sa zama wuri ɗaya a cikin ruwa, ɗaya sai ya cinye ɗaya. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta bi gida-gida.

“Salamu alaikum, ina tukunyar nan taki da ta huje?”

“Ai ina zuba wa kaji dusa a ciki.”

“Kaji ba sa tambayar kwano. Kawo.”

Tukwane goma sha ɗaya ta tara, har da wata sabuwa fil da matar tela ta rantse ba ta bayar ba. Ta yanka su da almakashin kwano, ta daddake suka miƙe. Ta samo tsohuwar wayar alminiyum mai kauri, ta yanka gutsi-gutsi, ta yi wa kowanne kai, suka zama ribit, ƙusar nan marar tsini da ake haɗa kwano da kwano da ita. Tsakanin faci da jikin jirgi kuma ta shimfiɗa robar tsohon tayar keke.

Sai dai ribit ba ya buguwa da mutum ɗaya. Dole wani ya tokare kansa da ƙarfe mai nauyi daga ciki, wani ya daddaka bakinsa daga waje har ya baje. A tukunya hannu biyu sun isa. A jirgi kuwa, ko hannunka ya kai na Dogo ba zai zagayo ba.

Ta jingina jirgin a kan gefensa, ta kira Dogo ya riƙe ƙarfe. Dogo kuma bakinsa ba ya hutu. Tana ɗaga guduma, shi yana ba da labarin wani kifi da ya kusa kamawa, ya saki ƙarfe ya nuna tsawonsa da hannu biyu. Ribit ya lanƙwashe. Na biyu ya lanƙwashe. Na biyar ya fice ya faɗa cikin kwanon kaji.

Sai suka ji ƙwas! ƙwas! Mai-birgi ne ke dukan ƙafar kujera da sanda. Ashe tun ɗazu ya karkato wuya yana kallo ta wutsiyar ido. Mutum ne da bai taɓa iya ganin aikin banza ya yi shiru ba, ko ƙulli ɗaya ka karkata a raga sai ya kwance layin duka. Ya nuna Dogo da sanda ya furzo wata kalma.

“Me ya ce?” in ji Dogo.

“Ya ce Allah ya yi maka albarka.”

“Ƙarya kike. Wannan ko kurma ya san zagi ne.”

Suka ciccibe shi su biyu, suka zaunar da shi a kan matashi a bakin jirgin. Ya karɓi ƙarfen da hannun dama, ya tokare gwiwar hannu da gwiwarsa mai lafiya, ya danna. Ba-zama ta zagaya baya. Ba ta ganinsa, ba ya ganinta, bangon alminiyum ne a tsakaninsu. Ta buga. Sautin kansa ya canja, daga kwaram-kwaram ya koma tim, tim. Ribit ya baje kamar maɓalli.

Suka yi yarensu: ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ta buga, sau biyu, ta tsaya, in ya yi ta ƙwanƙwasawa ba ƙaƙƙautawa, to ta yi shirme ke nan. Ranar farko ribit tara suka yi, zufa ta jiƙe masa riga. Ta ce a bari sai gobe, ya ƙi sakin ƙarfe sai da ta ɓamɓare yatsunsa. Da aka kawo abinci ya cinye ya tura kwano a ƙara. Ta ƙara masa tana mita, wai ga mutum bai kamo ko ƙaya ba yana cin na mutum biyu. Da ta juya baya ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Kwana tara suna wannan. Yatsanta ya fashe, farce ɗaya ya yi baƙi ya fita, maƙwabcin da ke aikin gadi ya zo har sau biyu yana roƙon a bar shi ya yi barcin rana. Aka sake zuba ruwa, wuri bakwai suka ɗiga. Aka sake, biyu. A karo na huɗu ta kwanta a ƙarƙashi har kafaɗarta ta ƙage, fuskarta a bushe.

Sauran aikin na auna jirgi ne da jikin mai shi. Ta yanke ƙafafun kujerar roba, ta kafe ta a ƙasa can baya, don ya zauna ya jingina. Ta ɗaura tsohon bel ɗin mota ta ɓarin hagu, kada ya zame, amma ba ta sa masa ƙulli ba, in wani abu ya faru ya iya fita. Birgi ya wuce, hannu ɗaya ba ya wurga shi, sai ƙugiya. To yaya mai hannu ɗaya zai sa wa ƙugiya koto, abincin yaudarar kifi? Ta kafe wata tsohuwar filaya a bakin jirgi ta dama, ta ɗaure hannayenta da roba, ta zama yatsu biyu masu riƙewa. Ya gwada, ya ce a matso da ita taƙi ɗaya. Ta ce ba ta matsowa. Ta matso.

Mai-takalmi ya iso ranar Juma'a da hantsi, da mota, da jaka sabuwa ta zuba kayan Baba. Bai tarar da kowa a gida ba, layi duka yana gangare. Ya sauko yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, ya ga ubansa zaune a cikin wani abu mai faci-faci, wani facin ma da sauran baƙin hayaƙin murhu.

“Inna, mene ne wannan?”

“Alƙawarinka ne. Tsaya ka gani.”

Dogo ya tura jirgi. Ya hau ruwa ɗas, bai karkata ba, ko ɗigo bai shiga ba. Mata suka fara guɗa. Mai-birgi ya ɗauki filafili da hannun dama, ya maƙale kansa a hammata, ya ja. Jirgi ya juya hagu. Ya sake ja, ya ƙara juyawa. Ya ja da ƙarfi, sai ga shi yana kallon gaɓar da ya baro. Sau uku yana zagaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Guɗa ta mutu. Wani ya fara dariya ya haɗiye.

 Ba-zama ta lissafa ramuka, ta lissafa kujera da ƙugiya, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa mai tuƙi ta gefe ɗaya ba ya zuwa ko'ina ba. Dogo ya shiga ruwa har ƙugu ya jawo shi.

Ɗan bai yi murna ba. Ya durƙusa a gaban uwar, ya yi ƙasa da murya.

“Inna, kin yi abin da ba wanda zai iya. Amma kin gani da idonki. In iska ta taso fa? Lahadi zan koma, bari in haɗa masa kaya.”

Ba-zama ta juya ta kalli jirgin. Aka zuba kaya a jaka, aka sa a bayan mota.

Mai-birgi kuwa ya ƙi fita daga jirgi. Ya yi ta dukan bangon baya da tafin hannu, yana nuna tsakiyarsa. Ta matso. Ya kama sandarsa ya ɗora a kan bangon, bakinta a ruwa, ya yi ta kaɗa ta hagu da dama kamar wutsiyar kifi. Ya dube ta ya furta kalma biyu, ita ma sai da ya maimaita ta gane.

“Kunnen tukunya,” in ji ta. “Kunnen tukunya yake so a nan, ya zura filafili a ciki ya tuƙa ta baya.”

“Inna, ke kika ƙirƙira ko shi ya faɗa?”

“Wannan karon shi ne, wallahi.”

Ta duba tarin tukwanen da ta yanka, kunnuwansu duk ƙanana ne. Babbar tukunya ɗaya ta rage a gidan, wadda ta zo da ita ranar tarewa, da ita take dafa abincin taro. Ta ɗauko ta, ta juya ta sau ɗaya a hannu, ta sa kurfi, ƙarfen sara na maƙera, ta cire kunnen. Asabar da safe aka kafe shi da ribit shida. Hannun Mai-birgi ya gaji tun jiya, don haka ɗan ne ya tuɓe riga ya riƙe ƙarfe, uban na zaune a gefe yana ƙwanƙwasa masa sanda a ƙafa duk lokacin da ya sassauta. Dogo ya haɗa filafili da gora ya ƙara masa tsawo.

Da la'asar aka sake turawa. Ba guɗa wannan karon, kowa ya kama bakinsa. Jirgi ya yi hagu, ya yi dama, ya tsaya kamar yana shawara. Mai-birgi ya gyara riƙo, ya rage ƙarfi, ya bar wuyan hannu ya yi aikin. A hankali hancin jirgin ya miƙe. Tafiyar ba ta da kyan gani, kamar ta agwagwa a kan tudu, amma tafiya ce. Ya kai ciyayin da ke tsakiyar ruwa, ya zagaye su, ya juyo. Da ya iso gaɓa numfashinsa na fita da ƙyar, bai nemi kowa ya kama shi ba, ɗansa kawai ya kafe da ido.

 Mai-takalmi ya hau gangare, ya buɗe bayan mota, ya sauko da jakar ya ajiye a bakin ƙofa.

“Magani safe da yamma, Inna, ba fashi. Asibiti duk wata, ni zan zo in kai shi. Kada ya wuce ciyayin can. Kuma in ruwa ya ƙaru da damina, zan dawo in duba. In jirgin nan ya yi rawa ko sau ɗaya, mun tafi.”

“Na ji.”

“Inna, da gaske nake.”

“Na ce na ji. Ka sa rigarka, sauro na cin ka.”

Yanzu wata na uku ke nan. Mai-birgi yana fita da safe ya dawo kafin rana ta yi zafi, wata rana da tarwaɗa huɗu, wata rana da ciyawa. Hannun hagu bai dawo ba, likita ya ce kada a sa rai. Gajimare kuma ya fara taruwa ta gabas, kogi ya ɗan taɓa dutsen wanki.

Ba-zama ta riga ta fara zagayen gidaje. Wannan karon jarkoki take nema, masu murfi, za ta jera su a gefen jirgi dama da hagu yadda ko saniya ta taka bakinsa ba zai karkata ba. Takwas take so, ta samu biyar. Jiya matar tela ta hango ta tafe, ta yi wuf ta tura tata jarkar ƙarƙashin gado, ta fito tana murmushi.

“Wallahi Inna, ba ni da ko ɗaya.”

“Madalla. To ɗaga zanin gadon in ga irin wadda ba ki da ita.”